Yadda ake gano matsalar fedal ɗin distoshon na jita da aka haɗa a gida

Ba baƙon abu ba ne ka gama haɗa fedal ɗin distoshon, wato ɗan akwatin da ake takawa don sa wa sautin jita kaushi, ka taka, ya yi shiru. Kuma da wuya laifin ya zama na aisi (IC), ɗan kayan nan mai ƙafa takwas da ke ƙara ƙarfin sauti. Galibi waya ce ta tafi inda bai kamata ba, ko dalma ba ta kama ba, ko wata rasista ta shiga gurbin 'yar'uwarta. Abin da ke ɓata aiki shi ne gaggawar cire kaya ana sa sababbi ba tare da an auna komai ba. Zafi ya ci allo, layin tagulla ya ɗago, matsala ɗaya ta koma uku. Ka ajiye ƙarfen narka dalma tukuna, ka ɗauko mita. Za a fara da baifas, wato wucewar sauti idan ba a kunna fedal ba, sannan wuta, sannan rabin wutar da aisi ke zama a kai, sannan a bi sauti daga inda ya shiga har inda ya tsaya.

Za mu yi misali da sakit irin na MXR Distortion+, fedal ɗin da ya fito daga Amurka a shekarun 1970, domin shi masu koyo suka fi kwaikwaya, kuma da fedal ɗin DOD 250 kusan tsarinsu ɗaya. Sauti yana shiga ta kafasito 10nF da rasista 10k zuwa ƙafa ta 3 ta aisi 741. Rasista biyu masu 1M suna raba wutar 9V biyu, a sami 4.5V, wata 1M ta kai wannan wutar ƙafa ta 3. Tsakanin ƙafa ta 6 da ta 2 akwai 1M. Daga ƙafa ta 2 kuma akwai jerin kaya uku zuwa giraun, wato layin 0V da negetib ɗin batir ke haɗuwa da shi: kafasito 47nF, rasista 4.7k da fot ɗin gen, wato abin murɗawar da ke ƙara kaushin sauti. Abin da ya fito daga ƙafa ta 6 yana bi ta kafasito 1uF da rasista 10k, sai dayod biyu da ke kallon ɓangarori daban-daban su datse kan sautin zuwa giraun, daga nan fot ɗin bolum. Zane-zanen da ke yawo sun ɗan bambanta a wasu lambobi, don haka ka buga naka a takarda ka ajiye shi kusa da biro.

Kayan aikin ba su da yawa: mita, sabon batir 9V, kebul ɗin jita biyu da ka tabbatar suna aiki, gilashin ƙara girma ko kyamarar waya, reza, da kafasito 100nF guda ɗaya na daban. Duk aikin nan a kan 9V ne, ba ya jan mutum. Amma kada ka buɗe amfilifaya mai kwalba da sunan bincike, akwai ɗaruruwan bolt a ciki ko bayan an kashe ta.

Fara da baifas

Jona jita kai tsaye cikin amfilifaya ka ji tana magana. Sannan ka sa fedal a tsakani ba tare da ka kunna shi ba. A fedal mai makunnin ƙafa 3PDT, wato mai ƙafa tara, sauti yana wucewa daga jak zuwa jak ko babu batir. Idan a nan ma shiru ne, allo ba shi da laifi, matsalar tana kan jak ko makunni.

Jak ɗin shiga yana da kunnuwa uku: na kai, na zobe da na jiki. Kada ka yarda da ido wajen gane su. Cusa kebul, sa mita inda take kuka idan waya ta haɗu, taɓa kan filogin da ke ɗaya ƙarshen, ka nemo kunnen da ke amsawa. Wannan shi ne na sauti. Sa wayar sauti a kunnen jiki kuskure ne da ake yawan yi, kuma yana zubar da komai a giraun.

Shi kuma makunni mai ƙafa tara, idan aka juya shi kwata guda, kamanninsa ba sa canzawa amma aikinsa ya rushe. Faɗin ƙafafun ya kamata ya kwanta, layin tsakiya shi ne wanda ke haɗuwa da na sama ko na ƙasa duk lokacin da aka taka. Gwada kowane ginshiƙi da mita, ka taka, ka sake gwadawa. Ƙafar da ke motsi idan ka taɓa ta, zafi ne ya narkar da abin da ke riƙe ta, kuma irin wannan makunnin canza shi ake yi. Daƙiƙa biyu zuwa uku sun isa a kan kowace ƙafa, a bar ta ta huce kafin a koma ta kusa.

Wuta

Da batir za ka yi duk gwajin farko. Ka tuna cewa negetib ɗin batir yana zuwa kunnen zobe ne, sai an cusa kebul a jak ɗin shiga yake haɗuwa da giraun. Wanda ya auna ba tare da kebul a ciki ba zai ga sifili ya ɗauka allo ya mutu.

Kafin ka sa batir, auna tsakanin layin fozitib da giraun a ma'aunin om. Lambar za ta fara ƙasa tana hawa, saboda babban kafasito yana cika. Idan ta tsaya kusa da sifili, akwai shot, wato layukan biyu sun haɗu kai tsaye, kada ka ba shi wuta. Duba dayod ɗin kariya: idan 1N4001 ne da aka gitta tsakanin fozitib da giraun, zoben jikinsa fozitib zai kalla. In an juya shi, batir zai yi zafi cikin minti guda.

Yanzu sa batir, kama baƙin tsinken mita a giraun da kilif, ja kuma yana hannunka. Sabon batir yana ba da 9V ko ɗan sama. Auna shi yana cikin aiki, domin batir mai arha yakan nuna 9V a hannu ya faɗo 6V da zarar an ja masa wuta. Ƙasa da 7.5V, a canza. Idan kana son tabbaci, mayar da mita ma'aunin mA ka sa ta tsakanin fozitib ɗin batir da maɓallinsa. Wannan sakit ɗin har da fitilarsa bai kamata ya wuce 5mA ba. Ka ga 30mA ko sama, wani abu yana shan wuta ta bayan fage. Kada ka manta ka mayar da tsinken gurbinsa na bolt bayan ka gama.

Fitila ta kama ba ya nufin wuta ta isa aisi. A yawancin haɗi, wayar fitila daban take tafiya.

Idan lokacin adafta ya yi, fedal yana son 9V mai negetib a tsakiya, tsarin da kamfanin Boss ya yaɗa, filogi 2.1mm. Yawancin adaftocin da ke gida fozitib ne a tsakiya, kuma su ke kashe aisi da kumbura kafasito. Karanta alamar da ke jikinta, sannan ka auna. Tsohuwar adafta mai nauyi da aka rubuta wa 9V tana iya ba da 12V ko fiye idan ba a ja mata wuta sosai ba.

Ƙafafun aisi

Nan ne mafi yawan amsoshi suke. Ɗigo ko tsagar da ke jikin aisi ita ce ke nuna ƙafa ta 1. Idan kana kallon fuskar da ke da rubutu, tsagar na sama, ana ƙirga 1 zuwa 4 a hagu daga sama zuwa ƙasa, a tsallaka dama a ƙirga 5 zuwa 8 daga ƙasa zuwa sama. Rubuta abin da ka samu a kowace ƙafa, a hankali, kada tsinke ya zame ya haɗa biyu. A 741 mai lafiya:

ƙafa ta 4: 0V
ƙafa ta 7: kusan 9V
ƙafa ta 6: rabin wutar batir, tsakanin 4V da 4.7V
ƙafa ta 2 da ta 3: kusa da wannan rabin, amma da sharaɗi

Sharaɗin kuwa shi ne mitar kanta tana jan wuta. A mahaɗar rasistocin 1M biyu, mita mai kyau, wadda juriyarta ta kai 10M, za ta nuna kamar 4.3V, a ƙafa ta 3 kuma kamar 3.9V. Ƙaramar mita mai arha irin DT830, wadda juriyarta 1M ce, za ta nuna kamar 3V a mahaɗar, kamar 1.8V a ƙafa ta 3. Mutane da yawa suna ganin wannan su cire rasistoci masu lafiya. Ƙafa ta 6 ce ba ta ruɗin mita. In tana kan rabin wuta, aisi na zaune daidai, ka wuce gaba.

Idan ƙafa ta 7 ba wuta, bi layin baya da tsinke har ka iso inda 9V ta ɓace. Sannan ka duba lambar aisin da kyau. 741 da TL071 ƙafafunsu iri ɗaya ne, ana musanya su. TL072 da 4558 kuwa biyu ne a jiki ɗaya, wutarsu ta ƙafa ta 8 take shiga, sauti yana fita ta 1 da ta 7. Duk ƙafa takwas gare su, duk suna shiga soket ɗaya, amma TL072 ko 4558 ba ya yin aiki a gurbin 741. Wanda aka sa a juye kuma yakan yi zafi, da wuya ya rayu. Duba ma ko wata ƙafa ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin aisi maimakon cikin soket.

Idan ƙafa ta 6 ta manne sama, wajen 7V zuwa 8V, ko ta faɗi ƙasa wajen 2V, yi wannan gwajin: bar tsinke a kanta ka murɗa fot ɗin gen. Bai kamata lambar ta motsa ba. In tana hawa tana sauka, ko ta ƙure sama ta tsaya, a zargi kafasito 47nF cewa ba ya tare wuta: ko ya yi shot, ko dalma ta tsallake shi. In tana ƙasa ba ta motsi, koma mahaɗar 1M biyu. Kafasito 1uF da ke wurin idan aka sa shi a juye yana yoyo, ya jawo rabin wutar ƙasa. Ɗaga masa ƙafa ɗaya ka sake aunawa. Sai ka tabbatar 1M ta tsakanin ƙafa ta 2 da ta 6 ta kama dukkan ɓangarorin. Bayan duk wannan ne ake zargin aisi, a gwada wani. Shi ya sa soket ke da amfani.

Alamar wannan matsalar a kunne: sauti yana fitowa ne kawai idan an daki igiyar jita da ƙarfi, yana tsattsage, ya yanke kafin ya mutu da kansa.

Bin sauti da kebul

Idan wuta ta yi daidai amma har yanzu shiru, sai a haɗa ɗan kayan sauraro. Yanke tsohon kebul ɗin jita, ka bar filogi ɗaya. Wayar raga ta waje ka ɗaura mata kilif, ita za ta kama giraun ɗin fedal. Wayar tsakiya ka liƙa mata ƙafa ɗaya ta kafasito 100nF, mai lamba 104. Ɗaya ƙafar ita ce tsinkenka. Aikin kafasiton shi ne hana 4.5V ɗin allo shiga amfilifaya. Rage ƙarar amfilifaya sosai kafin ka fara, domin a wasu wurare sautin ya ninka sau ɗari biyu.

Kana buƙatar sauti mai gudana a jak ɗin shiga don hannuwanka su samu sarari. Wani ya riƙa kaɗa jita, ko ka jona wayar salula tana fitar da sautin 440Hz a ƙasa-ƙasa. Daga nan sai ka yi kamar mai ban ruwa da ke bin hanyar ruwa kwami-kwami har ya ga inda ta toshe. Taɓa kunnen kai na jak. Taɓa inda waya ta shiga allo. Bayan kafasito 10nF. Ƙafa ta 3. Har zuwa nan sautin tas yake, daidai da na jita. Ƙafa ta 6: ya yi tsalle da ƙarfi, da kaushi idan gen na sama. Bayan 1uF haka yake. Bayan 10k, inda dayod suke, ƙarfin zai ragu sosai kuma ya matse, wannan daidai ne, aikin dayod ke nan. Sai kunne na 3 na fot ɗin bolum, kunnen tsakiya, makunni, jak ɗin fita. Duk wurin da ka ji, yi masa alama a takarda. Tsakanin alama ta ƙarshe da wurin da ya yi shiru, kaya biyu ne ko uku kawai, su za ka bincika.

Abu biyu ke kashe sauti a irin wannan wuri: hanya ta yanke, ko ta zube a giraun. Cire batir, gwada wurin da giraun a ma'aunin om. Kusa da sifili, shot ne. In ba haka ba, hanya ce ta yanke, kuma dalma ce abin dubawa.

Dalmar da ta kama tana kwanciya a jikin ƙafa da tagulla kamar ɗan tsauni mai santsi. Wadda ta dunƙule kamar ƙwallo, ko aka ga baƙin zobe kewaye da ƙafar, ba ta kama ba. Ɗora ƙarfe a kan ƙafa da tagulla tare, wajen digiri 350, ƙara 'yar sabuwar dalma, ɗaga. Idan allo mai layukan tagulla ne, ja reza a kowane tsakani daga farko har ƙarshe, domin zaren dalma da bai kai gashi kauri ba ya isa ya haɗa layi biyu. Ƙirga wuraren da zane ya ce a yanke layi, gwada kowanne da mita. Kuma ka tuna zanen yakan nuna allo daga sama ne, kai kuma daga ƙasa kake yanka, hagu ya zama dama. Wanke hannu bayan aiki da dalma kafin ka ci abinci.

Yana magana, amma ba yadda ya kamata ba

Sauti tas ba kaushi, gen ba ya canza komai. Jerin da ya tashi daga ƙafa ta 2 zuwa giraun ya yanke a wani wuri, sai aisi ya fitar da abin da aka ba shi ba ƙari. Duba wayoyin fot ɗin gen da ƙarshen da ke zuwa giraun. In akwai kaushi amma kaɗan, duba launuka. Ƙarfin gen a ƙarshe shi ne 1M a raba da 4.7k a ƙara ɗaya, kusan 213. 4.7k ita ce rawaya, shunayya, ja. Idan zobe na uku ruwan lemo ne, 47k ce, gen ya faɗo 22. In rawaya ne, 470k ce, ya koma 3. Haka ma 1M, ruwan ƙasa, baƙi, kore, ana rikita ta da 10k da 100k. Ja da ruwan lemo suna kama da juna a ƙarƙashin fitilar dare, don haka ɗaga ƙafa ɗaya ka auna.

Sauti siriri mai tsami, ko mai kauri da ya cakuɗe. 47nF tare da 4.7k su ke sa gen ya fi ƙarfi daga wajen 720Hz zuwa sama. Lambar da ke jikinsa 473 ce. Aka sa 472, iyakar ta haura sama da 7,000Hz, sai tsami kawai. Aka sa 474, ta sauko wajen 72Hz, manyan igiyoyi su cakuɗe.

Ƙara kaɗan ko da bolum ya ƙure. Da dayod ɗin jamaniyam irin 1N270 ko 1N34A, wannan halin sakit ɗin ne, domin suna datsewa tun wajen 0.3V. Silikon 1N4148 yana kai wa 0.6V, jar LED wajen 1.7V, ƙara ta fi yawa amma matsewa ta ragu. In kuwa ƙara ta yi yawa fiye da kima, sautin yana da tauri, to dayod ba su taɓa giraun ba, ko duka biyun sun kalli gefe ɗaya. Ba a gwada su a kan allo, tunda ɗaya zai amsa wa ɗaya. Ɗaga ƙafa, gwada kowanne: lamba ta gefe ɗaya, ba komai ta ɗayan. Jamaniyam gilashi ne, yana tsagewa idan an lanƙwasa ƙafa dab da jiki, kuma ba ya son zafi. Kama ƙafar da filaya yayin liƙawa.

Fot yana aiki a juye: musanya wayoyin kunne na 1 da na 3. Gen duk ya taru a ƙarshen murɗi: fot mai harafin B aka sa, wannan wurin mai C yake so. Bolum kuma mai A.

Fito mai tsini idan an ƙara gen. Abin da ya fita ne yake komawa ciki. Raba wayar shiga da ta fita, gajarta su, in dole su haɗu su gitta juna kada su jera. Sa wayar shiga mai raga, a haɗa ragar da giraun ta ƙarshe ɗaya kawai. Liƙa 100nF tsakanin ƙafa ta 7 da ta 4, dab da aisi. In bai daina ba, sa ƙaramin kafasito 10pF zuwa 47pF a gicciye kan 1M ta ƙafa 2 da 6. Kada ka kai 100pF, zai fara yanke sauti tun wajen 1,600Hz, jita ta dushe.

Gurnani. In ya ɓace da batir ya dawo da adafta, adaftar ce, kuma abin yana ƙaruwa a kan janareto ko inbata. Rasista 100 om a kan layin fozitib da kafasito 100uF bayanta zuwa giraun suna rage shi sosai. In yana nan har da batir, yana raguwa idan ka taɓa jikin jak, giraun ne bai haɗu ba a wani wuri. Allon da ke tsirara a kan tebur dole ya ɗauki gurnanin wutar gida ta 50Hz, wani lokaci har da tashar rediyo, kada ka yanke masa hukunci kafin ya shiga akwatin ƙarfe.

Ƙarar "ɗas" idan an taka makunni: sa rasista 1M zuwa 2.2M daga mashigar allo zuwa giraun. In ta ci gaba, auna kunnen fot ɗin bolum, bai kamata a ga wuta ba. In akwai, 1uF na fita yana yoyo ko an juya shi. Fozitib ɗinsa ƙafa ta 6 yake kallo.

Duk gyaran da za ka yi, yi ɗaya ka saurara kafin na gaba, ka rubuta shi.

Yana aiki a waje, ya mutu a akwati

Wannan kusan kullum shot ne da ƙarfe. Jak ɗin adafta dole ya zama na roba, saboda a tsarin negetib a tsakiya jikin filogi shi ne fozitib, jak na ƙarfe zai haɗa shi da akwati kai tsaye. Bayan fot ƙarfe ne, in ya taɓa ƙasan allo ya haɗa layuka, a sa masa tef mai kauri ko guntun roba. Harshen jak yana buɗewa idan an cusa kebul, yana iya taɓa bango ko makunni, don haka ka duba shi da kebul a ciki, ka juya shi in ya cancanta. Murfi ma yana danne dogayen ƙafafun da ba a datse ba, a manna masa kwali ta ciki.

Akasin haka ma yana faruwa: a akwati lafiya, a waje gurnani ko shiru. Jak ɗin fita ne yake samun giraun ta jikin akwati kawai, kuma ranar da notinsa ya saki ko fenti ya shiga tsakani, fedal zai yanke ana tsakiyar wasa. Ja masa wayar giraun tasa, ka kankare fentin da ke kewaye da ramin jak ɗaya ta ciki don akwati ya haɗu da giraun.

Wajen mayar da kaya, kada ka ɗaure komai lokaci guda. Bar sauti yana gudana, ɗaure fot ɗaya ka saurara, ɗaure jak ka saurara, makunni, sannan murfi, sukurori ɗaya bayan ɗaya. In sauti yana zuwa yana tafiya, ɗauki tsinken itace ka riƙa tura kowace waya da kowane kaya a hankali. Wanda ya yi ƙara da ka taɓa shi, yanke wayar, feɗe sabon baki, ka sake liƙa ta.